Ba A Auna Zuciyar Majiyyaci Da Mudun Aro

A shekarar 1977 Albert Bandura, malami a Jami'ar Stanford ta Amurka, ya koyar cewa wanda ya gaskata zai iya wani aiki ya fi jimrewa a kansa. Daga baya Jamusawa biyu, Matthias Jerusalem da Ralf Schwarzer, suka tsara takardar awo mai jimloli 10. Mutum zai ba kowace jimla maki 1 zuwa 4, a tara, a sami tsakanin 10 da 40. An juya takardar cikin harsuna fiye da 30, masu bincike kuma suna kai ta ɗakunan jinya domin su san ƙarfin zuciyar marasa lafiya.

Nufin yana da kyau, amma mudun wata kasuwa ba ya cika daidai a kowace kasuwa. A ce ga Bahaushe daga Damagaram yana aikin lambu a Tit, ƙauyen da ke kimanin kilomita 40 arewa da Tamanrasset a ƙasar Aljeriya. Ciwon sukari ya kwantar da shi, aka zo masa da irin wannan takarda da Larabci ko Faransanci, wani yana yi masa tafinta. An tambaye shi ko yana da tabbacin zai iya da duk abin da ya taso masa. Me zai ce? Tun yana yaro aka hore shi cewa yabon kai jahilci ne. Zai ce, "In Allah ya yarda." A wane gurbi za a sa wannan amsa, 1 ko 4? Mutumin da ya ƙetare hamada neman abincin iyalinsa sai a rubuta shi cikin masu raunin zuciya. Wani kuma, saboda kunyar likita, zai ce "Da sauƙi" alhali ciwo yana cinsa. Shi sai a ba shi maki mai yawa, a sallame shi.

Ko da makin ya faɗi gaskiya, laifin wane ne? Wanda ba shi da firjin ajiye insulin, ba shi da kuɗin mota zuwa gari, in ya ce ba zai iya ba, lissafi ya yi daidai. Mugun abu ne a ɗauki talauci a sa masa suna rashin ƙarfin hali, domin daga nan sai a bar neman magani a koma yi wa majiyyaci faɗa.

Bandura da kansa ya gargaɗi masu awo su yi tambaya a kan aiki takamaimai. Ya kuma nuna cewa abin da ya fi gina wannan amincewa shi ne mutum ya gwada da hannunsa ya yi nasara, sa'an nan ya ga wani irinsa ya yi. Saboda haka a tambayi mai lambun nan da Hausa: zai iya ɗura allurar daidai? Zai gane alamar faɗuwar sukari yana tsakar rana a gona? In ya ce a'a, nas ta zauna ta nuna masa, a haɗa shi da wani majiyyaci da ya riga ya saba.

Duk mai shiga ɗakin jinya da takardar awo ya fara shirya abin da zai yi wa wanda ya sami maki kaɗan. In ba shi da shirin kome, ya bar mara lafiya ya huta.