Sakacin Mai Manhaja, Asarar Mai Data

Sabuntawar wasan kwamfuta ta kai gigabait 40, wuta ta ɗauke, aka sake kunnawa, sai saukewa ta koma farko. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a share ma'ajiyar wucin gadi a sake. Wannan ɗora wa mai saye laifi ne. Tun 1997 ƙa'idar HTTP/1.1 ta tanadi hanyar karɓo ragowar fayil daga inda aka tsaya. Aikin manhaja kawai ta riƙa rubuta inda ta kai a faifai, ta tantance abin da ya riga ya sauka. Kamfanin da ya kasa wannan ba shi da uzuri, domin mai sayen data da awo ne ke biyan sakacinsa sau biyu.