MOTAR DA TA CI NA ƊAYA A AMURKA, TA IYA HANYAR GORONYO?

Jama'a, duk shekara kamfanoni irin su Consumer Reports da J.D. Power na Amurka suna fitar da jerin motocin da suka fi ƙarko. Sai ka ga matasanmu sun ɗora a waya suna cewa wannan mota banza ce, waccan ita ce sarauniya. Ni dai ina da ja.

Mu fara da tambaya: wa aka tambaya? Binciken ƙarko na J.D. Power masu motar da ta shekara 3 kacal yake tambaya, kuma har waya ta ƙi haɗuwa da rediyon mota matsala ce a lissafinsu. Mu kuwa motar da ke iso mana ta Kwatano ta sha shekara 15 ko 20 a hannun wasu. To ina haɗin?

Volkswagen sau da yawa can ƙasa-ƙasa take zuwa a irin wannan jeri. Amma je ka tasha ka ƙirga Golf da Sharon da ke lodin mutane da buhunan albasa daga Goronyo, da shinkafa daga Wurno, zuwa Sakkwato. Direbobin nan ba wawaye ba ne. Sun san in ta tsaya a Achida akwai bakaniken da zai tayar da ita, kayan gyaranta kuma suna nan birjik. Haka Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna ta yi zamaninta.

A nan, ƙarko shi ne mota ta jure ƙura da ramuka da man bumburutu, in ta lalace a gyara ta yau. Mota ta mutu maka tsakanin Rabah da Gandi magariba ta gabato, a halin tsaron da ake ciki, wallahi maganar rai ce.

Sai dai kada wani ya ce tunda tasa ba ta taɓa ba shi matsala ba, magana ta ƙare. Mota ɗaya ba hujja ba ce. Kuma Toyota da suke yabo, mu ma nan mun shaida, dubi Hilux.

Kafin ka zuba kuɗinka, zauna da bakanike biyu ko uku da tsofaffin direbobin hanyarka. Ɗaruruwan motoci sun bi ta hannunsu.

Masu mota, wacce ta fi riƙe ku a hanyoyin nan? Allah Ya tsare mana hanya.