Ijaza Ba Ta Riga Karatu: Nasiha ga Samarin Ƙasar Gwandu

Duk wanda ya zauna a Dodoru, ko Kambaza, ko Dalijan, a bayan kaka, lokacin da aka gama yankan gero aka cika rumbuna, iskar hunturu ta fara kaɗawa, ya san yadda samarin garuruwanmu ke rabuwa gida biyu. Kashi na farko su ne masu ɗaure ƙunshinsu su nufi tasha, su tafi ci-rani Legas ko Ibadan ko Abuja, wani ya yi kabu-kabu, wani ga-ruwa, wani yankan farce, wani gadi. Kashi na biyu su ne waɗanda iyayensu suka sayar da raguna da buhunan hatsi suka kai su makaranta har suka sami difloma ko digiri, suka komo gida suna zaman jiran ranar da gwamnati za ta buɗe ɗaukar ma'aikata. A zahiri kasun nan biyu sun sha bamban, amma in an yi nazari sai a ga ciwonsu ɗaya ne, domin kowannensu ya rataya abincinsa a kan abin da ba ya hannunsa. A watan Yuni na 2022, da gwamnatin Legas ta hana haya da babur a wasu ƙananan hukumominta, mun ga yadda umarni guda ya raba 'ya'yanmu masu yawa da abin da suke ci da shi. Mai jiran aikin ofis kuwa, shekara kan bi shekara, takardunsa na cikin leda a ƙarƙashin katifa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan al'amari shi ne wata magana da ta gudana tsakanina da ɗan ƙanena. Ya zo mini wata rana bayan sallar La'asar, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baffa, na gama hidimar ƙasa shekara biyu ke nan, ina roƙon ka haɗa ni da wani babba a Birnin Kebbi ko Allah zai sa a dace." Na ce masa, "Ɗana, in na je wurin babban ya tambaye ni me ka iya, me zan ce masa?" Sai ya miƙo mini takardunsa. Na duba su, na ga sakamako mai kyau, na sa masa albarka, sa'an nan na sake tambayarsa abin da hannunsa ko kansa zai iya gyarawa ko ƙerawa ko lissafawa gobe da safe, har wani ya zaro kuɗi ya biya shi da daɗin rai. Yaron nan mai ladabi ya sunkuyar da kai bai ce kome ba, ni ma na yi shiru, domin na san laifin ba nasa ba ne shi kaɗai, mu da muka tura shi makaranta muna ce masa ya je ya samo takarda muna da namu kason.

Mu mutanen ƙasar Gwandu bai kamata mu jahilci matsayin takarda ba, alhali kuwa a tsakiyarmu hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake, wanda ya rasu a 1829 bayan ya bar wa duniya littattafai irin su Liya'ut Tawili a fannin tafsiri da Liya'ul Hukkami a fannin mulki. Daga cikin abin da ya rubuta akwai wani ɗan littafi mai suna Ida'un Nusuki, inda ya jero malaman da ya yi karatu a gabansu, tun daga mahaifinsa da ya koya masa Alƙur'ani, zuwa wansa Shehu Usmanu, zuwa Malam Jibrilu ɗan Umaru da sauransu, yana ambaton littafin da ya ɗauka a wurin kowanne. Mutumin da ya kai wannan daraja bai ji nauyin ya faɗi a gaban wa ya durƙusa ba. A tsarin karatun zaure da ya fito daga cikinsa, ijaza ita ce abu na ƙarshe da malami ke bai wa almajiri, bayan ya jarraba shi ya tabbata ilmin ya zauna a ƙirjinsa, kuma duk wanda ya riƙe ijazar littafin da ba zai iya karantarwa ba, abin kunya ya riƙe. Difloma da digiri ijazar zamani ce, darajarsu gwargwadon abin da ke bayansu na iyawa.

Shari'a ma ba ta bar mu a cikin duhu ba game da neman halali da hannu. Ya tabbata a hadisi cewa Annabi Dawuda, tsira da aminci su tabbata a gare shi, daga aikin hannunsa yake ci, Annabi Zakariyya kuma masassaƙi ne, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya yi kiwo ya yi fatauci, ya kuma fifita mai ɗaukar igiya ya yi itace ya sayar a kan mai roƙon mutane. Malamai irin su Imamu Gazali sun ƙidaya noma da saƙa da likitanci da lissafi a cikin farillan kifaya, wato abin da in gari ya rasa mai yinsa gaba ɗaya, to, alhakin ya hau kan kowa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya wallafa littafi sukutum a kan hukuncin kasabi, Tanbihus Sahibi, ya kuma yi wa Umarun Dallaje na Katsina wasiyya da ya kula da masu sana'a ya zaunar da su a garuruwa. Magabata sun ruwaito cewa Shehu da kansa yakan tufka igiya. Saboda haka ƙyamar da wasunmu ke yi wa ƙira da jima da fawa da gyaran inji, suna ganin sana'ar gado ce ta wasu gidaje, ko kuwa ba ta dace da mai ilmin boko ba, al'ada ce kawai wadda ba ta da madogara a addini, kuma ta daɗe tana cutar da mu.

To, ina sana'ar take? A ganina tana nan kewaye da mu, ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Tun a 1853, da Baturen nan matafiyi Heinrich Barth ya sauka Gwandu a zamanin Sarki Halilu, ya yaba albasar garin, har yau kuwa albasar Aliero da maƙwabtanta ita ke cika manyan motoci zuwa kudu, amma kowace shekara manomi kan yi asara mai yawa saboda ruɓewa a wurin ajiya, kuma yaron da ya karanta aikin gona ya ƙware a dabarar adana ta ba zai rasa masu nemansa ba. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin rancen manoman shinkafa na Babban Bankin Nijeriya a watan Nuwamba na 2015, aka kuma kafa manyan injinan casa a Birnin Kebbi da Argungu, waɗanda ke bukatar masu gyaran inji da masu haɗa wuta da masu awon danshi da masu riƙe lissafi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, mai noman rani a fadama ya ga kuɗin ban-ruwa ya ninka, hankalin mutane ya koma ga famfon da ke aiki da hasken rana, amma in ya lalace sau da yawa sai an ɗauko mai gyara daga nesa. Haka nan dabbobin da ke cika kasuwanninmu suna bukatar malamin dabbobi, wayoyin da ke aljihun kowa suna bukatar mai gyara, asibitocin ƙauye suna bukatar ungozoma da ma'aikaciyar jinya. Kowace bukata daga cikin waɗannan gurbin aiki ne da ba ya jiran sanarwar gwamnati.

Wanda ya yi niyyar shiga ɗayansu, shawarata gare shi ita ce ya bi hanyar da Malam Abdullahi ya bi a karatunsa. Ya zaɓi fanni guda wanda mutane ke bukata kuma zuciyarsa ba ta ƙi ba, ya nemi wanda ya fi kowa iya shi ko da bai taɓa shiga aji ba, ya zauna a ƙarƙashinsa da ladabi shekara biyu ko uku, ya jure share shago da ɗauko kaya da gyaran da ake masa a gaban mutane, domin da koyo akan iya. Sa'an nan ya shigo da abin da makaranta ta ba shi, wanda ubangidansa ba shi da shi, wato karanta littafin inji, da rubuta shiga da fita, da neman sabon bayani a intanet. A ƙasar Jamus bisa wannan tsari ake renon yawancin masu sana'a, yaro ya raba makonsa tsakanin masana'anta da makaranta. A bisa wannan duka sai ya ɗora amana, ya cika alkawarin ranar da ya sa, kada ya sa tsohon ƙarfe ya karɓi kuɗin sabo, gama a ƙauye sunan mutum shi ne jarinsa na farko.

Samari sukan ce suna neman aikin da ransu zai so. Wannan buri ne mai kyau, sai dai na lura a tsawon rayuwata cewa daɗin aiki yakan zo ne bayan ƙwarewa. Shekarar farko ta kowace sana'a ɗaci gare ta, hannu na kuskure, ubangida na faɗa, aljihu ba kome. Amma ranar da injin da ya gagari mutum uku ya tashi a hannunka, manomi ya ga ruwa na kwarara cikin fangalinsa ya ɗaga hannu yana yi maka addu'a, ranar za ka ɗanɗana wata natsuwa da albashi kaɗai ba ya kawowa. Masu ɗorin karaya na Aliero, waɗanda ake kawo musu majinyata daga garuruwa masu nisa, shekaru suka yi suna riƙe wa iyayensu tsinke da ƙyalle kafin a yarda su taɓa ƙashi.

Na san za a ce mini magana ta fi aiki sauƙi, ga rashin jari, ga rashin wutar lantarki, ga iyayen gida da ke bautar da yaro shekara da shekaru su sallame shi hannu wofi. Duk wannan gaskiya ne, ban kuma ce aikin gwamnati aibi ba ne, domin malamin makaranta da akawu da alƙali su ma farillar kifaya suke saukewa. Amma ma'aikatun jiha da na ƙananan hukumomi ba za su iya ɗaukar dukan waɗanda ke fitowa kowace shekara daga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013 wadda mazauninta ke Kalgo, da jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, da kwalejin Waziri Umaru ba, kuma ko a ofis ɗin wanda ya iya shi ake riƙewa. Game da jari, na ga rance ya narke a hannun wanda bai iya kome ba, na kuma ga wanda ya iya ya fara da akwatin kayan aiki na aro. Game da iyayen gida kuwa, ya kamata mu ɗauki darasi daga 'yan kasuwar Ibo, waɗanda ke ƙayyade shekarun koyo tun farko kuma su yaye yaro da jari. Ina roƙon hakimai da limamai su sa a riƙa ƙulla irin wannan yarjejeniya a gaban shaidu, da wa'adi sananne da haƙƙi sananne, ƙananan hukumomin Gwandu da Kalgo kuma su taimaki wanda aka yaye da kayan aiki maimakon kuɗi a hannu.

Wannan nasiha ba ta maza kaɗai ba ce. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tsara mata malamai da ake kira jaji, da 'yan taru, suna kai ilmi ga matan ƙauyuka, har yau kuma matanmu su ke riƙe da matsar man gyaɗa da gyaran shinkafa da ɗinki da kiwon cikin gida. Yarinyar da ta iya karatu da lissafi ta haɗa su da sana'ar mahaifiyarta, ko ta karanci aikin ungozoma ta dawo garinsu, ta rufa wa kanta asiri ta kuma ceci rayuka.

Ɗan ƙanen nan nawa yanzu yana shekararsa ta biyu a wurin wani mai gyaran injin ban-ruwa a Jega. Bai yi arziki ba tukuna, bai kuma fasa neman aikin gwamnati ba, amma da ya zo gaishe ni da Sallah na ga hannuwansa sun yi kanta, ya kuma ba ni labarin famfon rana na farko da ya haɗa shi kaɗai. Na umarce shi ya sami littafi ya rubuta sunan kowane mutum da ya koya masa wani abu, tun daga malaminsa na allo har zuwa ubangidansa na yanzu, da abin da ya ɗauka a wurin kowanne, ya riƙa yi musu addu'a, ya kuma bar shafuka a baya saboda sunayen yaran da shi ma zai koya wa. Allah ya sa wa neman 'ya'yanmu albarka, ya wadata su da halalinsa, amin.