Sai an san tsutsar saiwa kafin a yaƙe ta

Manomin rani a Kadawa ko Bakolori, idan ya ga tumatirinsa yana yaushi da tsakar rana alhali ya sha ruwa, ganye kuma na komawa rawaya, taki yakan ƙara. Da zai tumɓuke gindi ɗaya, sau da yawa zai tarar saiwar ta yi ƙululu-ƙululu. Aikin wata tsutsa ce da ido ba ya gani, masana na kiranta Meloidogyne. Takan kutsa cikin saiwa ta zauna wuri guda, ta sa naman saiwar ya kumbura tana tsotsa, ruwa da taki su kasa hawa sama. A ganina, sanin gadon halittar wannan tsutsa, musamman irin da ke cikin gonakinmu, ya cancanci kaso mai tsoka daga kuɗin da ake kashewa a kan maganin ƙwari.

A 2008 masana a cibiyar binciken noma ta INRA a Faransa suka jagoranci fitar da kundin gadon Meloidogyne incognita. Macen wannan tsutsa ba ta bukatar namiji, ƙwanta na ƙyanƙyashe 'ya'ya masu irin gadonta, don haka guda ɗaya da ta iya cin wani irin shuka ta isa ta cika gona da zuriya mai wannan iyawar. Kundin ya kuma tabbatar da wani abin mamaki: ƙwayoyin gadon da take narkar da bangon saiwa da su, kakanninta daga ƙwayoyin bakteriya suka samo su. Wanda ya san makaman da take shiga da su, shi zai iya ƙirƙiro irin da zai tare mata hanya.

An ma taɓa yin hakan. A shekarun 1940 aka ɗauko wata ƙwayar gado mai suna Mi daga wani tumatirin daji na Peru aka saka a tumatirin noma, kuma har yau ita ce madogarar yawancin irin da ake sayarwa da sunan mai jure tsutsar saiwa. Sai dai ƙarfinta na raguwa idan zafin ƙasa ya haura digiri 28, abin da ba baƙo ba ne a Kano ko Sakkwato daga watan Maris. Ga kuma wata 'yar uwar tsutsar, Meloidogyne enterolobii, wadda Mi ba ta tare ta ko kaɗan, kuma an same ta a ƙasashen Afirka ta Yamma, har da Nijeriya. A madubin ƙara girma tana kama da incognita ƙwarai, har masana sun sha ɗaukar wannan a matsayin waccan. Gwajin DNA ne ke raba gardama. Manomi na iya sayen iri mai tsada ya dasa a gonar da wannan kariya ba ta da amfani, ya yi asara, ya ce an cuce shi.

Za a ce wannan ilimin masu abin hannu ne, talaka ruwa da taki yake nema, kuma juya shuka ya wadatar. Amma juya shukar kanta tana bukatar a san wace tsutsa ce. Gyaɗa ba ta ciyar da incognita, don haka shuka ta na rage yawanta, amma akwai jinsin Meloidogyne arenaria da ke bunƙasa a saiwar gyaɗa. Shawara ɗaya ta gyara wata gona, ta ɓata wata. Maganin zubawa a ƙasa kuma hanyarsa sai ƙara tsukewa take yi: yarjejeniyar Montreal ta sa ƙasashe masu tasowa su daina amfani da methyl bromide zuwa 2015, kuma ire-iren su Furadan guba ce mai haɗari ga mai zubawa da ruwan sha da tsuntsaye.

Akwai masu cewa tunda Turawa sun riga sun karanta kundin, sai mu ɗauka mu yi aiki da shi. Gaskiya ne ya rage mana wahala, don a kansa ake gina gwaje-gwaje masu araha. Amma ba Faransa ce za ta faɗa mana wace tsutsa ke fadamun Haɗeja ba. Wannan aikin cibiyar binciken noma ta IAR ta Samaru ne da ta IITA da jami'o'inmu: su ɗebo saiwa daga gonakin rani jiha-jiha, su gwada, su fitar da taswirar da malamin gona zai duba kafin ya ce a shuka kaza. Masu kiwon iri kuma suna da wurin farawa, domin an gano ƙwayar gado mai suna Mi-9 a wani tumatirin daji na Peru wadda zafi ba ya karya ta, kuma ƙasarmu mai zafi ce wurin da ya dace a gwada ta.