Launin Bangonmu: Daga Zangwetin Zuwa Waga 2000

Da zarar damina ta ɗauke ƙafa, kaka ta shigo, sai masu fenti su fara samun kira daga kowace kusurwa ta Wagadugu. Wannan zai aurar da 'ya, wancan ya gama ginin da ya shekara goma yana tarawa, wani kuma so yake Salla ta riske shi cikin gida mai sheƙi. Abin da muke yawan gani a 'yan shekarun nan shi ne mai gida ya zaro waya, ya nuna wa mai fenti hoton wani gida na Dubai ko Abijan, jikinsa ruwan toka mai duhu, gefensa baƙi wuluk, ya ce irin wannan nake so. Bayan kwana uku an gama, an biya, an watse. A ganinmu wannan shawara ta fi ƙarfin a yanke ta cikin minti biyar a kan fuskar waya, musamman gare mu Hausawan wannan birni, domin bango ya taɓa zame mana babban al'amari.

Manyanmu suna tune da Zangwetin. Sunan kansa daga bakin Mosawa ya fito, yana nufin mazaunin Hausawa, mutanen zango, jikokin fataken da suka riƙa ratsa ƙasar Mosi a kan hanyar goro tsakanin Kano da Gwanja. A tsakiyar birni unguwar take, da gidajenta na laka, da zaurukanta, da masallatanta, da makarantun allo. Sai shirin ZACA ya zo, aka ce za a mai da wurin cibiyar kasuwanci da ofisoshi. A shekarar 2003 aka rushe Zangwetin tare da maƙwabtanta irin su Cedpalogo da wani sashe na Kuluba, fili mai kusan hekta 85, aka tashi mutum sama da 12,000. Da yawa daga cikinmu an ba su filaye a gefen Waga 2000, kimanin kilomita 10 kudu da inda aka binne cibiyarsu, wasu kuma suka nufi Niyoko. A can muka sake gini da bulo da siminti, gidaje marasa bene, masu baranda da katanga da ƙofar ƙarfe, irin na kowa.

Babu laifi a gina irin na kowa. Amma shekara ashirin da ɗoriya ke nan, an haifi yaran da ba su taɓa ganin zangon da ake ba su labari ba. Dā unguwar ce ke gabatar da mu, baƙo ya sauka daga mota ya tambaya, a nuna masa hanya. Yau mun warwatsu cikin layuka masu lamba, abin da ya rage wa kowane gida ya faɗa game da kansa shi ne fuskarsa. Hausawa kuwa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska.

Magabatanmu sun ɗauki fuskar gida da muhimmanci. Wanda ya taɓa zagaya unguwar Birni a Damagaram, ko ya tsaya a ƙofar fadar Zazzau, ko ya shiga Gidan Makama a Kano, ya san cewa magini Bahaushe yana barin jikin gini da launin ƙasarsa, sannan ya tara gwanintarsa a bakin zaure. Nan ake zana dagi, nan ake fitar da zankwaye a saman soro, nan ake shafa farar ƙasa. Kayan aikinsu ma daga muhallinsu suke: makuba daga ɓawon ɗorawa, laso daga katsin marina, duk don bango ya jure ruwa. Ado da kariya tafiya ɗaya suke yi a wurinsu.

Wannan hikima tana nan a ƙasarmu ta Burkina. A Cebele, can kudu kusa da iyakar Gana, matan Kasena suna zana bangayensu da ja da fari da baƙi, launukan da suke samu daga ƙasa da duwatsun yankinsu, su gama su shafe aikin da ruwan dafaffen ɓawon ɗorawa, wato dangin makubarmu. A shekarar 2024 hukumar UNESCO ta sanya fadar Cebele cikin kayan tarihin duniya, kamar yadda ta sanya tsohon birnin Agadas a 2013. Francis Kere, ɗan ƙauyen Gando, da tubalin ƙasa ya gina makarantar garinsu, kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, mafi girma a fagen zanen gine-gine. Duniya tana tahowa ta yaba launin da muke ƙoƙarin ɓoyewa ƙarƙashin ruwan toka.

Mu ajiye tarihi, mu dubi aljihu. Wagadugu gari ne na jar ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana yayyafa ta a kan komai, a Maris da Afrilu zafi yana haura digiri 40, a Agusta kuma ruwa yana dukan ƙasa ya fallatsa jan taɓo a gindin bango. Launi mai duhu yana shan rana ya riƙe ta. Duk mai shakka ya ɗora tafin hannunsa a baƙar ƙofar ƙarfe da la'asar ɗin Afrilu, sannan ya ɗora a bango mai haske. Zafin nan da dare yake shiga ɗaki, a biya shi da kuɗin lantarki, ko da rashin barcin tsofaffi da jarirai ranar da aka ɗauke wuta. Fari tas kuma, ko da yake ya fi kowane launi korar zafi, ba ya daɗewa da farinsa a nan. Waɗanda suka ga zamanin Sankara suna tuna lokacin da aka sa mutane su shafe bangayen bakin manyan tituna da fari, suna kuma tuna yadda ƙurar garin ta riƙa mai da su jajaye.

Saboda haka shawararmu ga mai gida marar bene ita ce ya raba bangonsa uku. Jikin gini ya ɗauki launi mai haske daga dangin ƙasa: ruwan madara, ruwan yashi, ko ja-ja mai sanyi irin na sabuwar tukunya. Waɗannan suna korar zafi, ƙura kuma in ta sauka a kansu sai ta saje. Gindin bango, daga ƙasa zuwa gwiwa ko ƙugu, a ba shi launi mai ɗan duhu, kamar ruwan makuba, wanda zai shanye fallatsin damina da hannuwan yara. Sai kashi na uku, bakin ƙofa da tagogi da saman baranda, nan ne wurin ado. Fari ya dace a nan, haka shuɗi irin na baba, wanda ya tuna mana da marinar Ƙofar Mata, haka kore ga mai so. Gida gajere ba ya ɗaukar launi fiye da uku, in an ƙara sai ya koma kamar rumfar kasuwa.

Akwai kuma ƙa'idojin da duk mai fenti na ƙwarai zai faɗa, in an ba shi dama. Sabon filasta yana bukatar kamar mako huɗu ya bushe kafin a taɓa shi. A fara da shafin ƙasa kafin launi. Fentin mai ya fi dacewa da ƙarfe da katako, bangon siminti kuwa na ruwa ya fi masa, don ya sami numfashi kada ya ɓare. A gwada launi a ɗan wuri, a dube shi da safe, da rana tsaka, da almuru, domin ranar Wagadugu tana kashe launin da ya yi kyau cikin shago. Kuma araha ba ta ado: fentin da aka tsinka da ruwa fiye da kima damina ɗaya zai gani.

Mun san akwai masu cewa a wannan zamani na zaman ɗar-ɗar, 'yan tsiraru irinmu gara su saje, kada gidansu ya nuna su. Ba mu raina wannan magana, kuma kowa ya fi sanin layinsu. Sai dai abin da muke kira gare shi ba ya ware mu daga kowa. Launin ƙasa launin Mosawa ne, na Kasena ne, na Fulani ne, namu ne. Ƙaramin dagi a saman ƙofa, ko zankwaye biyu a kan ginshiƙan katanga, aikin yini guda ne ga magini, ba ya tsone wa maƙwabci ido, sau da yawa ma shi ke jawo tambaya, tambaya ta jawo hira. Kakanninmu sun zauna a birnin Moro Naba tun kafin Turawan Faransa su shigo shi a 1896. Wanda ya daɗe haka a gari ba ya bukatar ɓoye sunansa.

Masu haya da waɗanda hannunsu bai kai ba, su ma ba a bar su a baya ba. Buhun farar ƙasa da ɗan garin launi sun isa su gyara fuskar gida, kuma da su iyayenmu mata suka riƙa tarbar Salla. Abin nema shi ne ranar da yaro zai tsaya a ƙofa ya ce, “Baba, mene ne wannan zanen?” A ranar za a ba shi labarin goro da jakuna, da Gwanja, da wata unguwa da ke kusa da titin Kwame Nkrumah wadda yanzu benaye suka hau kanta.

Allah Ya albarkaci gidajenmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.