Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo

Jama'a, wane ne ke zaɓen littattafan da ake jibgewa a laburaren makarantun gwamnati? Mu da ba mu daɗe da barin sakandare ba mun san amsa. Galibi wani ne a ofis yake rubuta jerin sunaye, ɗan kwangila ya kawo kwalaye, shugaban makaranta ya sa hannu cewa kaya sun iso. Malamin da zai tsaya gaban yara da alli a hannu shi ne na ƙarshen jin labari.

Mu ɗauki Unguwar Sarki a nan Kaduna. Yaron wannan unguwa kullum yana wucewa ta gaban Masallacin Sultan Bello, kuma ba shi da nisa da Arewa House, tsohon gidan Sardauna, wanda aka mayar cibiyar adana tarihi a 1970. A aji ɗaya za ka sami ɗan Bahaushe da ɗan Gbagyi da ɗan Bayarabe da ɗan Bajju, wani ɗan babban ma'aikaci, wani ɗan mai gadi. Wa ya san wanda har yanzu yake harhaɗa baƙaƙe, da wadda ta cinye littafi uku a mako guda tana neman ƙari? Malaminsu. Wa ya san cewa yaran nan suna zaune kusa da taskar tarihin Arewa amma ba su taɓa riƙe littafi a kan Sardauna ba? Shi ne dai.

Idan aka tsallake shi, sakamakon a fili yake. Sai ka ga manyan littattafan Turanci waɗanda ko ɗan jami'a sai da ƙamus, ko tsofaffin littattafan sadaka daga Turai masu labarin dusar ƙanƙara, ƙura ta rufe su a kabad. A gefe guda malamin adabi yana yawo da kofi ɗaya tak na littafin da WAEC ko NECO ta wajabta, aji duka suna jira ya karanta masu. Kada mu manta kuɗin talakawa ne ake kashewa. Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na asusun kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin ilmin farko. Littafin da aka saya ba wanda ya buɗe shi, asara ce daidai da ajin da aka biya kuɗin gininsa ba a gina ba.

Abin takaici shi ne, adabin Hausa na zamani a hannun malaman aji ya tashi. Lokacin da Rupert East na Hukumar Fassara ya shirya gasar ƙagaggun labarai a 1933, su wa suka amsa kira? Abubakar Imam, mai Ruwan Bagaja, malami ne a Midil ta Katsina. Bello Kagara, mai Ganɗoki, malami ne. Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai Shaihu Umar, a Midil ta Bauci ya koyar. Sun san abin da ke riƙe hankalin yaro, shi ya sa har yau ake karanta su. Ashe Baturen mulkin mallaka ya yarda malami zai iya rubuta littafi, mu kuma da muke mulkin kanmu tun 1960 ba mu yarda zai iya zaɓen littafi ba!

Mun san abin da za a ce. Za a ce ai malaman ba su cancanta ba, a tuna mana da jarrabawar 2017, wadda gwamnatin Jihar Kaduna ta ce malaman firamare 21,780 daga cikin kimanin 33,000 sun faɗi. To, an sallami waɗancan, an ɗauki sababbi. Wanda aka damƙa wa amanar yara tun safe har azahar, ta yaya za a hana shi amanar kanta ɗaya ta littattafai? In kuwa horo ya rage masa, hedkwatar Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a nan Kaduna take.

Za a kuma ce malamai za su cusa littattafan abokansu don su sami la'ada. Wannan tsoro yana da tushe, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ya fi sauƙi a toshe bakin mutum ɗaya a ofis da a toshe na mutum goma da ke zaune a fili.

Saboda haka ga abin da muke nema. Kowace makaranta ta kafa kwamitin laburare wanda ya ƙunshi malami daga kowane fanni, da mai kula da laburare, da wakilin iyaye, da ɗalibai biyu. Kowane malami ya kawo sunayen littattafan da yake so, ya rubuta aji da dalili. A liƙa jerin a allon sanarwa kafin a sayi ko ɗaya. Ma'aikatar Ilmi da SUBEB su tace, su biya, amma kada su ƙara abin da makaranta ba ta nema ba. Littattafan Hausa da na sauran harsunanmu su sami rabonsu. Ƙarshen shekara a duba rajistar aro, a ga wanda yara suka karanta da wanda suka ƙi.

'Yan'uwa ɗalibai, gobe da yawanmu za mu shiga aji a bautar ƙasa, wasu kuma su zauna a teburan da ake rubuta waɗannan jerin. Wanda ya sami kansa a aji ya nemi a ji ta bakinsa. Wanda ya sami kansa a ofis, kada ya sa hannu a takardar sayen littafin da malami bai gani ba.