Suma, Gemu da Lulluɓi: Wa Ya Kamata a Ɗauka Aiki?

  

A wannan mako za mu tsaya ne a kan wata tambaya da wani ɗan kasuwa ya kawo mana daga Shagari. Yana da kantin kayan masarufi da injin niƙa a bakin hanyar nan da ta taso daga Sakkwato, ta ratsa Boɗinga, ta nufi Tambuwal. Ya ce mutum biyu suka zo masa neman aiki. Na farko wani saurayi ne Bafillace, ya iya karatu da lissafi, amma ya tara suma har ya yi mata kitso irin na samarin rugga. Ta biyu wata mata ce da mijinta ya rasu ya bar mata marayu, ta gama sakandare, tana so ta riƙa rubuta masa lissafin kanti. Duka biyun ya sallame su, shi saboda sumarsa, ita kuwa don kasancewarta mace. Daga baya zuciyarsa ta ƙi kwanciya, shi ne yake tambaya ko ya ɗauki alhaki.

Mun yi murna da wannan tambaya, domin ta shafi duk wanda Allah Ya ba ikon ɗaukar wani aiki, ko a rumfar kasuwa ne ko a ofishin Gwamnati.

Bari mu fara da ma'aunin da Alƙur'ani ya ajiye. A cikin Suratul Ƙasasi, aya ta 26, Allah Ya ba mu labarin yarinyar nan ta Madyana wadda ta shawarci mahaifinta ya ɗauki Annabi Musa (A.S.) aiki, ta kafa hujja da abu biyu: ƙarfi da amana. Ƙarfi a nan shi ne iya aikin da za a ba mutum, amana kuwa ita ce a bar masa dukiya a juya baya ba tare da fargaba ba. Haka nan a Suratu Yusufa, aya ta 55, sa'ad da Annabi Yusufu (A.S.) ya nemi a ɗora shi kan taskokin Masar, tsare amana da sanin aiki ya ambata. Ashe duk sharaɗin da uban gida zai gindaya, sai a auna shi a ga ko yana komawa ga ɗayan waɗannan biyun.

To, ina matsayin suma a shari'a? Mutane da yawa a ƙasarmu sun ɗauka tara gashi alamar shashanci ce tun asali. Amma ya tabbata a cikin Buhari da Muslim, daga Bara'u ɗan Azibu da Anas ɗan Maliku (Allah Ya yarda da su), cewa gashin Manzon Allah (S.A.W.) yakan kai fatar kunnuwansa, wani lokaci kuma ya sauka har kafaɗunsa. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Ummu Hani'i cewa ya shiga Makka da kitso guda huɗu a kansa. Saboda haka ba mai ikon cewa tara suma haramun ne, ko kuwa kamanceceniya ce da mata a kowane hali. Abin da aka hana shi ne barin gashi buzu-buzu, domin a cikin Muwaɗɗa Imamu Malik ya kawo labarin mutumin da ya shigo masallaci da kai da gemu a hargitse, Annabi ya yi masa ishara ya fita ya gyara. Aka kuma hana ƙaza'u, watau a aske wani sashen kai a bar wani, kamar yadda Ibnu Umar ya ruwaito.

Amma fa kada samarinmu su yi saurin murna. Babban malamin nan na Malikiyya, Ibnu Abdil Barri na Andalus, wanda ya rasu a shekara ta 463 bayan Hijira, ya bayyana a littafinsa At-Tamhid cewa a zamaninsa malamai da mutanen kirki sun daina tara suma, sai sojoji, har ta kusa zama alamar wawaye. Wannan ya nuna mana cewa tsawon gashi yana cikin al'adun da ke sauyawa da wuri da zamani. Wanda ya tara bai yi laifi ba, wanda ya aske ƙwal bai bar wani wajibi ba. Tunda haka ne, uban gida yana da damar ya shar'anta wa yaronsa ya rage gashi ko ya rufe shi da hula, in akwai dalili. Mai aiki kusa da bel ɗin injin niƙa, sakakken gashi hatsari ne gare shi. Mai auna gari da sukari, gashinsa na iya faɗawa cikin abincin mutane. Annabi ya koyar da cewa Musulmi suna kan sharuɗɗan da suka ƙulla, sai fa sharaɗin da ya halatta haram ko ya haramta halal.

Ba mu kaɗai muka taɓa karo da wannan matsala ba. A Amurka, cikin 1970, wani saurayi mai suna Alan Willingham ya nemi aiki a wata jarida da ke garin Macon a Jihar Jojiya, aka hana shi saboda doguwar sumarsa. Ya kai ƙara yana cewa an nuna masa bambanci don shi namiji ne, tunda mace mai gashi kamar nasa da an ɗauke ta, alhali dokar ƙasarsu ta 1964 ta hana bambanta namiji da mace wajen ɗaukar aiki. A 1975 kotun ɗaukaka ƙara ta ba jaridar gaskiya. Hujjar alƙalan ita ce, dokar ta zo ne don kare abin da mutum ba ya iya sauyawa, da kuma haƙƙoƙi na asali kamar aure da haihuwa, gashi kuwa aikin wanzami ne na ɗan lokaci. Amma a 1971, sa'ad da wani kamfani ya ƙi ɗaukar wata mata mai suna Ida Phillips don tana da ƙananan yara, alhali yana ɗaukar maza masu ƙananan yara, Kotun Ƙolin ƙasar ta ce ba a yi wa maza doka ɗaya, mata wata dabam, ba tare da hujjar da ta shafi aikin ba.

Sa'an nan aka zo kan addini. A 1999 wasu 'yan sanda Musulmi biyu a birnin Newark suka yi nasara a kotu kan umarnin aske gemu, domin hukumarsu ta yarda wa masu ciwon fata su bar gemu, amma ta hana masu dalilin addini. A 2015 kuma Kotun Ƙoli ta goyi bayan wata yarinya Musulma, Samantha Elauf, wadda wani kamfanin tufafi ya ƙi ɗauka saboda ɗankwalinta. Mai hankali zai lura cewa bayan doguwar wahala, alƙalan nan sun iso kusa da inda malamanmu suka daɗe da tsayawa: akwai abin da yake ado ne da al'ada, wanda za a iya daidaitawa a kansa, akwai kuma halitta da addini, waɗanda ba a cinikinsu da albashi. Gemu yana cikin kashi na biyu, domin umarnin cika shi ya tabbata, kuma mafi yawan malamai, har da na mazhabarmu, sun hana aske shi. Haka ma suturar mace.

A nan gida Nijeriya, sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana hukuma ta ware ɗan ƙasa saboda ƙabilarsa, ko garinsu, ko addininsa, ko kasancewarsa namiji ko mace, sashe na 38 kuma ya tabbatar da 'yancin addini. Duk da haka sai da aka sha fama. A dokokin 'yan sanda akwai ƙa'ida ta 124, wadda ta tilasta wa mace 'yar sanda ta nemi izinin Kwamishina a rubuce kafin ta yi aure, ba a kuwa ɗora wa namiji haka ba, sai a 2012 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta ce wannan ya saɓa wa Tsarin Mulki. Ku duba fa, aure da yake sunna, shi aka sanya wa shinge a kan mata kaɗai. A Disamban 2017 aka hana Firdausi Amasa shiga zauren rantsar da lauyoyi a Abuja don ta ƙi cire hijabinta, ta haƙura ta tsaya kan bakanta, har aka rantsar da ita da hijabin a Yulin 2018. A Maris na 2022 Sufeto Janar Usman Alkali Baba ya yarje wa mata 'yan sanda su sa ɗankwali ƙarƙashin hular aiki, cikin Yunin wannan shekara kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata na makarantun Gwamnatin Legas haƙƙin sa hijabi. Mu da muka yi kuka sa'ad da aka rufe wa 'ya'yanmu ƙofa saboda lulluɓi, bai kamata a same mu muna rufe wa wasu ƙofa ba bisa hujja ba.

Yanzu mu komo kan matar nan mai marayu. Allah Ya faɗa mana a Suratun Nisa'i, aya ta 32, cewa maza suna da rabo daga abin da suka tsiwirwirta, mata ma suna da nasu. Uwar Muminai Nana Hadiza (Allah Ya yarda da ita) attajira ce, ita ce ma ta ɗauki Annabi aikin fatauci zuwa Sham kafin aurensu. Mutanen Shagari da Boɗinga ba sa bukatar a kai su nesa neman misali. A Sifawa, nan cikin ƙasar Boɗinga, Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, shi ne kuwa ya yi kakkausan suka a cikin Nurul Albabi ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajis, watau shugabannin mata masu zuwa daga ƙauyuka su ɗauki karatu su koma su koyar. Ta kan ɗora wa kowace jaji malfa, a naɗa mata jan ƙyalle, don duk wanda ya gan ta a hanya ya san tana kan aikin ilmi ya girmama ta. Ga kayan aiki nan da aka yi domin su buɗe wa mace hanya.

Abin da shari'a ta kiyaye wajen aikin mace sananne ne: sutura, da nisantar keɓewa da namijin da ba muharraminta ba, da yardar miji ga mai aure, da kasancewar aikin kansa halal. Waɗannan duka abubuwa ne da mai kanti zai iya shiryawa. Ya ajiye mata tebur a sarari inda jama'a ke gani, ya sallame ta kafin magariba, ya biya ta daidai da abin da zai biya namiji in aikinsu ɗaya ne. In kuwa aikin ɗaukar buhu ne ko gadin dare, to, aikin da kansa ya zaɓi mai yinsa, ba a zalunci kowa ba.

Saboda haka amsarmu ga ɗan'uwanmu na Shagari ita ce: dukiyarka ce, shari'a ba ta tilasta maka ɗaukar wani mutum ayyananne ba, ba kuma za mu ce ka ci haƙƙin da sai ka biya ba. Amma ka bar abin da ya fi. Saurayin nan da ka gaya masa sharaɗinka, mai yiwuwa da hula ta raba gardama. Muna kuma roƙonka ka binciki zuciyarka, shin sumar ce ta hana ka, ko kuwa tsoron da ta'asar 'yan bindiga ta jefa a zukatan mutane game da duk wani Bafillace? In na biyun ne, ka tuna Suratul Hujurati ta gargaɗe mu cewa wani sashen zato zunubi ne, laifin wani kuma ba ya hawa kan wani. Hanyar sanin amana a buɗe take tun kaka da kakanni: a tambayi ardonsu, a tambayi limamin unguwa, a nemi wanda zai tsaya masa. Saurayin da aka rufe wa kowace ƙofa ta halal, ba mu san wadda zai ƙwanƙwasa gobe ba. In wuraren ba su cika ba, ka aika a kira su, ka gwada su wata guda.

Ku kuwa ma'aikatan Gwamnati, nauyinku ya fi na ɗan kasuwa, domin kujerar da kuke rabawa ta jama'a ce, amana aka ba ku. In akwai ƙa'idar aski ko ta tufafi, a rubuta ta, a sanar tun kafin ganawa, a zartar da ita kan ɗan mai kuɗi da ɗan talaka daidai wa daida. Wanda ya ture takardar mace wadda ta fi cancanta, ko ta mai gemu, ya sa ta ɗan'uwansa, sa'an nan ya fake da cewa shigarsu ce ba ta yi ba, ya haɗa cin amana da ƙarya, kuma akwai ranar da za a tambaye shi.

Samari masu neman aiki, ku ma ga taku. Wanda ya kwaikwayi askin 'yan ƙwallo, aka aske gefe aka bar tsakiya, kada ya ce sunna yake bi, wannan shi ne ƙaza'un da aka hana. Wanda kuma ya tara suma tsakani da Allah, ya wanke ta, ya taje ta, in uban gida ya nemi ya rage saboda dalilin aiki, ya rage, domin ciyar da iyali wajibi ne, suma kuwa halal ce kawai, kuma tana sake tsirowa.

Allah Ya ba mu ikon yin adalci ga na ƙasa da mu, Ya sa mu ci halal mu ciyar da halal, amin.